Yadda ake haɗa furen amarya a zafin Accra ba tare da ya yi yaushi ba

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu sana'ar kwalliyar wajen biki da ƙawayen amare da ake ɗora wa aikin fure. Kusan duk sati sai wata ta turo min hoto a WhatsApp tace Anti irin wannan nake so ranar aurena, in na duba sai naga hoton daga Ingila yake ko Holan, amarya tsaye cikin lambu gari a lumshe ba rana. Furen yayi kyau ba ƙarya, amma wallahi irinsa ba zai kai awa biyu a ƙarƙashin kanofi a unguwar Nima ko Mamobi ba, kafin a yi la'asar ya sunkuyar da kai. Abin yana min ciwo, don nasan yadda ake tara kuɗin nan, wata da adashe ta haɗa, wata yayanta ne ya turo mata daga waje. Shi yasa nace bari na zauna na rubuta yadda nake yin nawa tun daga saye har ya shiga hannun amarya.

Kafin ki sayi ko kara ɗaya ki fara sanin a ina za a yi taron kuma ƙarfe nawa. Mu nan zango yawanci Lahadi ake ɗaura aure da safe, da rana a tare layi a kafa kanofi, ita kuma amarya sai ta canza kaya uku ko huɗu kafin dare. Furen da za a shiga da shi hol mai esi daban, wanda zai wuni a titi cikin zafin da ya haura digiri 30 daban, balle a watan Fabrairu da Maris da garin Ankara, kamar yadda kakanninmu ke kiran Accra, yake kamar tanda. Lokacin hunturu ma kar ki sake kice ai da sauƙi, busasshiyar iskar nan tana zuƙe ruwan fure kamar yadda take fasa leɓe. Sai kuma kaya. Kar ki yarda da hoton leshi a waya, waya tana ƙarya wajen kala, ki ce a kawo miki ƙyallen da ya rage wajen tela, na amarya da na yayi, wato ankon da ƙawaye za su saka, ki jefa a jaka ki tafi dasu wajen mai fure. In leshin ya cika duwatsu da ƙyalli, ko kente zata ɗaura, toh furen ya zama kala ɗaya mai sanyi, fari ko ruwan madara da koren ganye. In kayan fari ne sumul, nan ne zaki saki hannu da ja ko ruwan hoda. Kala biyu da kore sun isa, in suka wuce uku sai abin ya koma kamar teburin mai sayar da robobi.

Yanzu wane fure ne yake jure garinmu. Ni dai kullum da na gida nake farawa, kuma ina mamakin yadda muke raina su don kawai muna ganinsu a bakin katangar mutane. Ki hau dutsen Aburi wata rana da sassafe, inda tsohon lambun nan yake da aka buɗe tun 1890, ki duba masu rainon shuke-shuke na kan hanya, ko masu jera tukwane a bakin titunan cikin gari, zaki ga abin da aka haifa cikin wannan zafin kuma ba ya tsoronsa. Akwai anturiyum, mai faffaɗan kunne ɗaya kamar zuciya yana sheƙi har mutane su taɓa su ji ko roba ne, yana zuwa ja da fari da ruwan hoda, kuma yana iya yin sati biyu a cikin ruwa. Akwai helikoniya mai kama da ƙafar ƙaguwa, ja da ruwan ɗorawa, da furen citta ja mai tsayi. Waɗannan biyun sun yi nauyi a hannun amarya, amma a bakin ƙofa ko gefen kujerar ango da amarya guda biyar kawai sun cika ido. Abu biyu game da helikoniya, ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta, don haka ki zaɓi wadda ta buɗe yadda kike so, sannan tururuwa na ɓuya cikin aljihunanta, ki wanke ta da kyau tun a waje. Ganye kuwa Allah ya ba mu kyauta, ganyen kwakwa da na kwakwar manja, monstera mai huda-huda, kuroton mai zane, duk suna wuni garau. Amma ba duk na gida ne ke da juriya ba fa. Bogenbiliya tana da kyau a katanga, kina yanke ta ta langaɓe. Haibiskos kwana ɗaya ne ransa ko a jikin uwarsa. Furanjifani ga ƙamshi amma ana taɓa shi yake yin baƙi-baƙi, ga farin ruwan da yake zubarwa mai ƙaiƙayi. Oliyanda kuwa guba ce gaba ɗayanta, kar ki kai ta teburin da za a ci abinci yara na yawo.

Na waje kuma, ros dai shi ne sarki, kowace amarya shi take so. Yawancin wanda ake kawo mana daga Kenya yake zuwa ta jirgi, daga gonakin gefen tafkin Naivasha inda ƙasa ke da tudu kusan mita 1,900 ga sanyin dare, wasu daga Habasha, wasu ta kasuwar Holan. Kinga kuwa abin da ya tashi a irin wannan wajen in ya sauka Accra dole a lallaɓa shi. Yana yi, amma da sharaɗi. Masu taurin rai cikin na wajen su ne kaneshan da kirisantimom, mutane na musu kallon furen talaka, ni kuwa ba na haɗa aikin titi babu su, in kika cusa farin kaneshan da yawa wuri ɗaya daga nesa ba mai cewa ba ros bane. Okid irin ɗan siririn nan da ake kawowa daga Tailan shi ma jarumi ne. Jifso, ƙananan fararen nan kamar ƙwayar gero, ko ya bushe yana nan da kyansa. Wanda nake roƙonki ki haƙura dashi in taron a waje ne shi ne haidiranjiya, babban dunƙulen nan mai kama da kabeji da yake cika hotunan Instagram, mashayin ruwa ne na gaske, ya rabu da ruwa minti kaɗan cikin zafi sai ya kwanta.

Oda ki bada da wuri, sati biyu zuwa uku, kuma ki ƙara kamar kashi 10 cikin 100 kan lissafinki don dole wasu su karye wasu su zo a gajiye. Farashi ba zan faɗa ba tunda dala yake bi, yau daban gobe daban, amma ki sani wajen 14 ga Fabrairu ros yana tsada a duk duniya, ja musamman. In aure Lahadi ne, ros ya iso hannunki Alhamis da yamma ko Juma'a, don ya sha ruwa ya ɗan buɗe. Wajen karɓa ki matsa gindin kan furen a hankali da yatsu biyu, in da ƙarfi kamar albasa sabo ne, in ya yi luguf ya kwana biyu, ki mayar. Ki sunsuna ƙasan karan ma, in yana wari ko santsi kar ki karɓa ko an rage miki, araha ba ta ado.

Toh ga inda aikin yake, kuma nan ne mafi yawa suke faɗuwa, shayarwa. Bokiti ki wanke shi da sabulu da ɗan Parazone, wato bilic ɗin wanki, kamar wanda zaki sha ruwa a ciki, ba bokitin wanki ko na mopa ba, saboda ƙwayoyin cutar da ke cikin datti su suke toshe ƙananan hanyoyin da kara ke jan ruwa, sai kiga fure tsaye cikin ruwa amma ƙishi na kashe shi. Ki tsige duk ganyen da zai nutse, ko ɗaya kar ki bari, shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan. Ƙayar ros ki kankare ta a hankali kar ki feƙe bawon. Sai ki yanke ƙasan karan kamar santimita 2 ko 3 a karkace irin fiƙar fensir, da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu, ba almakashin tela da ya dakushe ba don shi murƙushewa yake, kuma kina yankewa ki tsoma, kar ki yanke ashirin ki ajiye a tebur kice sai kin gama, iska ce zata shiga. In an baki ɗan garin abincin fure a leda ki yi amfani dashi. In babu, ga wanda nake haɗawa, a kowace lita 1, wato piya wata guda biyu, suga babban cokali 1, ruwan lemun tsami babban cokali 2, Parazone bai fi rabin ƙaramin cokali ba. Suga abinci ne, tsami yana sa ruwan ya hau kara da sauƙi, Parazone yana kashe ƙwayoyin cuta. Dan Allah ki fara zuba ruwan sannan ki saka su ɗaya bayan ɗaya, kar ki haɗa lemun da Parazone zalla a kofi, iskar da ke tashi tana cutar da ƙirji. In ruwan bohol ɗinku yana da gishiri-gishiri kamar na wasu unguwanni, ki sayi piya wata kawai. Ki barsu su sha aƙalla awa 4, in da hali su kwana. Ros ɗin da ya zo da wuya a karye ki naɗe shi tsaf da takardar jarida, ki sake yanke ƙasa, ki tsoma cikin ruwa mai zurfi, sau da yawa kafin safiya ya miƙe.

Wajen ajiya ki nemi ɗakin da ya fi sanyi da duhu a gidan, in akwai esi alhamdulillahi, amma kar iskar ta riƙa bugunsu kai tsaye, haka fanka. In aka ɗauke wuta ki jefa ƙanƙara ƙulli ɗaya ko biyu cikin bokitin ros ki jiƙa ƙasan ɗakin. Na gida kuwa kar ki kuskura ki kai su firji, anturiyum da helikoniya da okid sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 ƙona su yake, da safe ki tarar sun yi baƙi. Sannan gidan biki gida ne na kayan miya, ga tumatir kwando-kwando ga ayaba ga mangwaro, waɗannan in suna nuna akwai iskar da suke fitarwa wadda ke tsofar da fure, kaneshan da okid sun fi kowa jin ta. Hayaƙi ma haka yake yi. Nasan ɗakin amarya ba ya rabuwa da turaren wuta, toh furen ya kwana a wani ɗakin daban, nesa da kasko da murhun masu dafa wake da shinkafa.

Asabar da daddare sai haɗa na hannun amarya. Ki jera komai a tebur kashi-kashi, kowane kara an share shi tas daga tsakiya zuwa ƙasa, zare ko siririn kirtani kuma ki yanka ki ajiye kusa tun kafin hannu ya cika. Ganyen waje na kan furen ros guda biyu ko uku da suka ɗan yi duhu ki cire, dama masu gadi ne. Ki ɗauki wanda ya fi kyau ki riƙe a hannun hagu tsakanin babban yatsa da manuni, kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da kan furen. Na biyu ki ɗora shi a karkace ya gitta na farko, kansa ya kalli hagu ƙafarsa ta kalli dama. Ki juya damin kaɗan cikin hannunki, ki sake ɗora wani a karkace daidai irin na ɗazu, ki juya, ki ɗora, ki juya, kullum ta gefe ɗaya. Sirrin kenan gaba ɗaya, in kika canza hanya ko sau ɗaya karare za su sarƙe su karya juna. In kina yi daidai zaki ga ƙasan yana buɗewa kamar tsintsiyar da aka murza, saman kuma yana yin rumfa da kansa. Kar ki damƙe da ƙarfi, riƙon ƙwai za ki yi, don ki samu damar jan wanda ya nutse sama ko tura wanda ya yi tsayi. Bayan kowane ros uku ki saka ɗan jifso ko ganye. Ki riƙa tsayawa gaban madubi kina dubawa a daidai cibiya, don abin da kike gani daga sama ba shi mai hoto zai gani ba. Ƙarshe ki zagaye da ganye kamar kwala, ki ɗaure a daidai inda yatsunki suke, ki daidaita ƙafafun da almakashi, in kin yi daidai zai tsaya da kansa a tebur. Ki mayar dashi ruwa ya kwana haka tsirara ba ribon.

Ros 18 zuwa 24 ya ishi dami mai kyau, kuma ni ina ba da shawarar a rage ma. Amaryarmu ta zauna awanni an zana mata lalle tun daga yatsu har gwiwar hannu, ga zobba ga awarwaro, sai kuma a ba ta ƙaton dami ya rufe duka, ga nauyi, ga mayafi da take gyarawa. Faɗinsa kar ya wuce ƙugunta. Ribon sai Lahadi da safe, ki tsane karan da tawul, ki naɗe daga sama zuwa ƙasa ki dawo, ki soke da fil mai kan lu'ulu'u, tsinin ya shige cikin kara yana kallon sama kar ya fito ta ɗaya gefen. Ki bar kamar yatsa uku a ƙasa ba ribon don a iya mayar dashi cikin ruwa. In lallen baƙi ne kuma sabo, gumi na iya sa ya bar shaida a farin ribon, gara ruwan gwal ko kalar da ta ɗan yi duhu.

Lili kuma sai na ja kunne da kyau don na gani da idona. Shekarun baya na haɗa wa ƙanwar wata aminiyata dami da farin lili, na cire ƙananan sandunan nan na tsakiyar furen masu garin ruwan goro daga waɗanda suka buɗe, ashe cikin dare wasu biyu sun sake buɗewa, ni kuma da safe ina ta kan teburi ban koma na duba ba. Tana rungume shi a ƙirji garin ya zuba kan farin leshinta, wata gwaggonta cikin tausayi ta sa jiƙaƙƙen hankici ta goge, shi kenan ya zauna daram. Yarinyar ba ta ce min komai ba, sai idonta da ya ciko, da mayafi aka rufe wajen har aka gama hotuna. Har yau in na tuna sai naji ba daɗi. In garin ya zuba kar a sa ruwa kar a sa hannu, salatif za a manna a ɗaga a hankali ya kwashe shi.

Na teburi ba wuya. Ko ya zama gajere ƙasa da santimita 30, ko dogo can sama da kan mai zaune, don hajiyoyi su ga fuskar juna in suna hira. Koren soson nan da ake kira Oasis ki ɗora shi kan ruwa ki ƙyale shi ya nutse da kansa, minti ɗaya zuwa biyu ne, in kika danna shi waje zai jiƙe ciki ya zauna a bushe, furen ya mutu ba ki san dalili ba. Ganye ake fara sokawa ya rufe soson, sai manya uku ko biyar, sai ƙanana su cike gurbi, kuma in kin zare kara kar ki mayar dashi ramin da ya fito. In soso ya yi tsada ki dunƙule wayar kejin kaji ki cusa a kwano ki cika da ruwa, yana riƙewa sosai kuma gobe ma ki sake amfani dashi. Bayan kujerar amarya kuwa ni ba na jin kunyar haɗawa da na roba, wanda ake samu a kasuwar Makola mai kyau ki kai shi can sama inda hannu ba ya kaiwa kuma zafin kanofi ya fi dukansa, na gaske ki sa a daidai ido da hanci. A titi kuma ki zuba duwatsu ko yashi a gindin duk abin da ke da tsayi, iskar hadari in ta taso a watan Mayu ko Yuni ba ta sallama.

Ɗauka ki yi ta da sassafe kafin rana ta ɗaga, a kujerar bayan mota ba cikin but ba, bokiti da ruwa kwata kawai a tokare shi da tsumma kar ya kife, aboboya kuma, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ganye da ƙarafa kaɗai zaki ɗora mata. Damin amarya ya zauna cikin jug ɗinsa har sai ta gama shiri ta yafa mayafi, sannan a tsane a miƙa mata, ki nuna mata ta riƙe a daidai cibiya ta ɗan kwantar da kansa gaba, hannu a sake lallen ya fito. Ki ware ƙawa ɗaya tak ki ce mata ke ce mai fure yau, ki ba ta jug ɗin da ƙaramin tawul da 'yar kwalbar fesa ruwa, duk sanda amarya ta shiga canza kaya ko aka fara liƙi ita zata karɓa ta tsoma shi a inuwa ƙarƙashin tebur, in za a fito ta tsane ƙasan sosai kafin ya taɓa leshi.